Ranar da Na Zagaya Bayan Dutse

A garinmu Maraɗi, in akuya ta ɓata ba a tayar da hankali. Ƙasar rairayi ce, sawunta yana nan shimfiɗe, sai ka bi shi har gindin bishiyar da take kwance tana tuƙa. In kuma ka tsaya a bayan gari, ido yana tafiya har ya gaji don kansa, babu abin da zai tare shi. Da wannan wayon na zo Abuja karatun harhaɗa magunguna, da shi kuma na hau duwatsun da ke bayan Kurudu a shekarata ta biyu, na kusa barin raina a can saboda fitsari.

'Yar ɗakinmu ce ta ja ni. Haifaffiyar Abuja ce, Hausarta rabi Turanci, ba ta taɓa kirana da sunana ba sai 'yar Nijar. Tana cikin wata ƙungiya ta masu hawan dutse, yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne da suka gaji da zaman ofis. A wani hutu na ƙarshen damina suka shirya tafiya mai tsawo, za a tashi daga Kurudu a ƙetare duwatsu, a kwana a sama, a sake kwana, sannan a sauka wani ƙauye ta ɗaya ɓangaren. Da na kira mahaifiyata na gaya mata, sai ta tambaye ni me na ajiye a kan dutsen. Na ce motsa jiki ne. Ta ce in motsa jiki nake so in dawo gida, ga turmi ga taɓarya. Daga ƙarshe ta yarda, amma da ta ji akwai maza a tafiyar sai ta ce in kama mutuncina.

Na san abin da take nufi. A gidanmu yarinya ba ta ɗaukar buta a gaban namiji, ko da kuwa wanta ne. In baƙin mahaifina suna tsakar gida, za ki zauna ki matse har su tashi. Mahaifiyata takan ce mace ba a ganin shigarta kewaye, ba a ganin fitowarta, kuma zan iya rantsuwa duk zamana da ita ban taɓa kama ta ba. Wannan tarbiyya na naɗe na sa a jaka tare da darduma da biskit.

Da sassafe muka haɗu a ƙarshen gidajen Kurudu, inda gonakin masara suka fara. Shugaban tafiyar, wanda kowa ke ce wa oga, ya raba mana riguna masu ruwan lemo, irin masu kashe idon nan na masu gyaran titi. Ya ce kowa ya sa tasa, don a hango shi daga nesa. Ya ce ban da ihu, ban da kiran juna da ƙarfi, saboda murya tana tafiya a dutse kuma kowa ya san zamanin da muke ciki. Ya yi magana da masu unguwanni da 'yan banga, hanya lafiya lau take, amma rigakafi ya fi magani. Bai ambaci masu garkuwa da mutane ba, sai dai duk mun ji. Ni kam labaransu na sha a ɗakin kwananmu har sun ishe ni, ga iyayena a wata ƙasa.

Dokarsa ta ƙarshe ita ce duk wanda zai ratse hanya, ko don mene ne, ya fara gaya wa Anti. Anti babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikata, ta kai sa'ar mahaifiyata, ita ke tafiya a ƙarshen layi don kada a bar kowa a baya. Ga wando, ga hular hana-sallah a kan ɗankwali, ga sanda, ga usur rataye a wuya, muryarta kuma ko ba ta ɗaga ba tana cika wuri. Lokacin da oga yake wannan bayani tana tsaye cikin maza suna ta raha. Na dube ta, na dubi mazan, na ce a raina sai dai mafitsarata ta fashe.

Rigar da aka ba ni ta kama ni, ga ta gajera. Na sa ta, na kawo dogon hijabina mai ruwan ƙasa na zura a kai har gwiwa. 'Yar ɗakinmu ta dube ni ta ce, "Haba 'yar Nijar, shirt ɗin fa don a gan ki ne." Na ce mata oga cewa ya yi a sa, bai ce a nuna ba. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Ranar farko tsoron faɗuwa ne ya cinye ni. Ban taɓa hawa abin da ya wuce bene ba, sai ga ni a kan falalen dutse mai sulɓi, ina rarrafe kamar jaririya, mutane suna wuce ni suna sannu. Da na waiwaya na ga rufin gidajen Kurudu sun koma ƙanana can ƙasa, ban ƙara waiwayawa ba. Duk da wannan wahala na ƙi shan ruwa. Ni da na zauna na rubuta jarrabawa a kan abin da rashin ruwa ke yi wa ƙoda, sai dai in jiƙa leɓe in rufe gora. Dabarata ke nan: in ban sha ba, ba zan nemi zagayawa ba. Ta kuwa yi mini aiki. Muka kwana a tantuna, sai da asuba da kowa ya watse neman wurin alwala cikin duhu na samu na rage.

Da gari ya waye kaina yana sarawa. Anti ta zo wucewa ta ga leɓena ya tsage, ta tsaya. Ba ta tambaye ni komai ba, ta zuba garin gishiri da sukari a babbar gorarta, ta girgiza, ta miƙo mini, ta tsaya a kaina har na shanye tas. Ta ce ba za ta goya ƙatuwar budurwa a kan dutse ba. Na yi godiya, amma a raina haushinta nake ji, don na san abin da zai biyo baya.

Kafin rana ta take, ruwa ya yi aikinsa. Na daure, na matse, ina tafiya ina cije leɓe. Muka iso wani faffaɗan fa inda ake hango Abuja, aka ce a huta. Nan kowa ya zaro waya aka shiga ɗaukar hoto. Na hango Anti a tsakiyar maza tana gyara musu tsayuwa. Na ce yanzu zan je in dawo kafin su gama, wa zai ma sani? Na saɓa jakata kamar mai neman inuwa, na sulale cikin ciyawa.

Gamba ce ta ƙarshen damina, ta fi ni tsayi. Na ɗan yi nisa na tsaya, sai na ji dariyarsu raɗau, na ce in ina jin su ai su ma za su ji ni. Na ƙara gaba na zagaya bayan wani dutse, na ga kamar daga sama ana iya hango ni. Na zagaya wani, na tsallake wani fa, na gangara kaɗan, har sai da na daina jin motsin kowa sannan hankalina ya kwanta. Na gama, na yi tsarki da ɗan ruwan da ya rage a gorata. Na miƙe ina jin daɗin kaina, na sunkuya in bi sawuna in koma.

Babu sawu. Dutse ba ya riƙe sawu, ciyawar da na ratso kuma ta koma ta haɗe kamar ba a taɓa shigarta ba. Duwatsun da na zagaya duk kamarsu ɗaya. Na zaɓi wanda na fi yarda da shi na zagaya, sai ga wani a bayansa. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai iska.

A lokacin da na yi ihu da sun ji ni. Amma oga ya hana ihu, kuma in sun zo a guje suka tambaye ni me ya kawo ni nan, me zan ce a gaban maza? Sai na ƙara sauri, ina ce wa kaina ai suna bayan wancan. Na hau, na sauka, na sake hawa. Na zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Da na ga inuwata ta fara karkata, na gane tafiyar da na yi ta ninka wadda ta kawo ni. Na kira sunan 'yar ɗakinmu, a hankali da farko, daga baya da ƙarfi. Dutse ya dawo mini da muryata, kuma jin ta ya fi shirun ban tsoro, na yi gum.

Na yi taimama na yi azahar a kan fa, ban ma tabbatar da alƙibla ba. Bayan na sallame na ci gaba da bulayi, har na faɗa wani lungu inda aka taɓa hura wuta. Ga toka, ga gwangwanayen kifi, ga guntayen sigari, ga wata igiya a yashe. Ko mafarauta ne, ko makiyaya, ko wasu 'yan yawo irinmu, ban sani ba har yau. Amma a ranar ban ga komai ba sai igiyar nan. Na juya da gudu, ciyawa tana yanka mini fuska, sai da numfashina ya ƙare na tsaya. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, ga gora babu ko ɗigo.

Wajen la'asar na ji muryoyin maza. Farin ciki ya taso mini, har na ɗaga ƙafa, sai na lura ba Hausa suke yi ba, ba Turanci ba, kuma babu muryar da na sani. Kusa da ni akwai tsaga tsakanin duwatsu biyu, na cusa kaina ciki, na tattare ƙafafuna, na ja hijabi na rufe har fuska na bar ido ɗaya. Su uku ne, kayansu baƙaƙe da layu a jiki, kowanne da bindiga. Tafiya suke a hankali suna duba hagu da dama, suna tura ciyawa da bakin bindiga. Kowa ya gan su ya san wani suke nema.

Ɗaya ya zo ya tsaya dab da tsagar. Ina ganin ƙafarsa, takalmin roba ne an ɗinke maɗaurinsa da waya. Cinnaku suka samu ƙafata suna cizo, ban motsa ba. Na fara Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, abin da na haddace tun ina yarinya. Sai mutumin ya ɗaga murya da irin Hausar da ake yi a nan.

"Yarinya na Nijar, ka fito. Mutanenka yana nemanka."

A nan na sadaƙar. Ta yaya baƙo mai bindiga ya san akwai 'yar Nijar a dajin nan? Hanya ɗaya ce: sun kama sauran, sun doke su, an gaya musu saura ɗaya. Na tuna 'yar ɗakinmu da dariyarta. Na tuna mahaifiyata, yadda za a kira ta daga wata ƙasa a gaya mata da Hausar da ba irin tata ba. Hawaye ma bai zo ba, babu ruwan yin sa. Mutumin ya sake kira, ya jira, ya ce wa 'yan'uwansa wani abu, suka wuce. Can an jima suka sake dawowa ta wurin, idon ɗaya ya bi ta kaina ya wuce. Hijabina da dutsen launinsu ɗaya.

Na daɗe a tsagar nan bayan sun tafi. Abin da ya fito da ni shi ne ganin hasken da ke shigowa ya koma ja, ga kuma rugugin hadari daga nesa. Na san in duhu ya same ni a nan ba ruwa, ba sai wani ya taɓa ni ba. Na rarrafa na hau dutsen da ke bayana da rub da ciki, na leƙa.

Can ƙetaren wani kwazazzabo na hango ɗigo mai ruwan lemo guda ɗaya. Anti ce, ga masu bindigar nan sun kewaye ta. Na ce shi ke nan, abin da na zata ya tabbata. Na ci gaba da kallo don ba ni da ƙarfin yin wani abu. Sai na ga mafi girmansu yana nuna mata rana, yana nuna hanyar gangara. Ita kuma ta ɗaga sandarta tana kaɗa masa ita a fuska. Ba na jin abin da take cewa, amma na san tsayuwar mai faɗa, ita ce ta yi a kaina da safe. Mutumin ya sunkuyar da kai. Na ƙara dubawa, sai na ga mai takalmin roba rataye da jakarta a kafaɗa. Duk labaran da na ji, ban taɓa jin inda wanda aka sace yake yi wa ɓarayinsa faɗa suna riƙe masa kaya ba. 'Yan banga ne. Mutanen da na ɓoye wa har sau biyu, ni suka fito nema.

Kafin in gama fahimta, sun shawo kanta. Ta juya tana ɗingishi, suka fara gangarawa, bayansu na fuskantata.

Na miƙe na buɗe baki, babu abin da ya fito sai huci. Na sake gwadawa, maƙogwaro ya ƙi. Na ɗaga hannuwa ina kaɗawa, amma mai ruwan ƙasa a kan dutse mai ruwan ƙasa, wa zai gani? Na jefa tsakuwa, ta faɗa kwazazzabo ko ƙara ba ta yi ba. Ciyawa ta fara haɗiye na gabansu.

Na kai hannu na kama hijabina ta ƙasan haɓa, kuma wallahi sai da hannun ya tsaya. Tun ina ƙarama namijin da ba muharramina ba bai taɓa ganina ba hijabi ba, ga shi a ciki daga matsattsiyar riga sai wando sai 'yar hular gashi. Ga mutuwa a gefe guda, ga maza uku a gefe guda, ni kuma na tsaya ina awo. Yanzu in na tuna tsayuwar nan, ita ta fi ba ni tsoro, ta fi bindigogin. Ban san iya daɗewarta ba. Na dai ga hular Anti ta kusa nutsewa cikin gamba, sai na fizge hijabin na jefar, na hau ƙololuwar dutsen na tsaya, na buɗe hannuwana.

Na ƙarshensu ne ya waiwayo, mai takalmin roba. Ya ɗaga bindiga ya nuno ni, na durƙushe, ashe nuna wa sauran yake yi. Sai na ji usur, Anti tana ta hurawa ba ƙaƙƙautawa, ta manta da dokar oga.

Da suka ƙetaro, mazan da kansu suka juya mini baya ba wanda ya ce su yi. Anti ta zauna a ƙasa ta jawo ni jikinta, tana ba ni ruwa kaɗan-kaɗan, tana hana ni kwankwaɗa. A nan ta ba ni labari. Da aka tashi daga wurin hoto, ita ta ɗauka ina gaba da 'yar ɗakinmu, 'yar ɗakinmu ta ɗauka ina baya da ita, sai da aka tsaya sallah aka ga ba ni. Oga ya sauka ƙauye mafi kusa ya ɗauko 'yan banga, aka ce musu su nemi riga mai ruwan lemo. An ce ta zauna a zango tare da sauran, ta ƙi, ta ce ita ce mai tafiya a ƙarshe kuma akwai wadda take bayanta. A neman ne ta gurɗe ƙafa, 'yan bangar suka bar ta zaune suka ci gaba da zagaye.

Sannan ta tambaye ni me ya raba ni da mutane. Na raɗa mata a kunne. Na jira faɗa, don na san na cancanta. Faɗan bai zo ba, sai ta ƙara miƙo mini ruwa.

Mun ƙarasa tafiyar washegari, mun sauka ƙauyen lafiya, 'yar ɗakinmu ta yi kuka ta zage ni da Turanci, ta sake yin kuka. Duk wannan ya dusashe a kaina. Abin da na riƙe shi ne abin da ya faru kafin mu bar dutsen nan. Anti ta miƙo mini hijabina, ta dafa sanda ta tashi, ta ce wa 'yan bangar su ɗan yi gaba za mu biyo su. Da suka yi nisa ta matso, muryar nan da ke cika wuri ta koma can ƙasa.

"Zo ki raka ni bayan dutsen nan, 'yata. Tun azahar nake a matse. Maza sun sa ni a tsakiya, na kasa buɗe baki."

Na raka ta. Ba mu yi nisa ba, muna jin maganar mazan sarai. Na juya mata baya zan ɗan matsa, sai na ji ta damƙi gefen rigata mai ruwan lemo ta naɗe a hannu.

"Kada ki motsa ko nan da can," ta ce.

Haka na tsaya, hijabina a hannu, har ta gama. Ba ta saki rigar ba.